Zan Cire Gobe

Koren ƙwan fitilar da ke saman ƙofar ofis ya cika kwana ɗari biyu da arba'in da uku bai canja launi ba. Walƙiya ce ta rubuta adadin a farin allo da safen nan, tun kafin ta sauke jakarta, da manyan lambobi, ta ja musu layi biyu a ƙasa. Sannan ta ja da baya ta tafa hannu ita kaɗai a ɗakin. Yau ne za su saki manhajar da suka shekara biyu suna ginawa, kuma yau ne Dattijo zai cire maɓalli daga wuyansa.

Ƙwan nan ba ado ba ne. A lungun ɗakin, ƙarƙashin teburin da ake kife kofunan shayi, akwai wata tsohuwar kwamfuta da suke kira Kaka. Duk wanda ya taɓa rubutun manhajar, ko harafi ɗaya ya canja, sai Kaka ta ɗauki aikinsa ta bi da shi ta gwaje-gwaje ɗari huɗu da 'yan kai, ɗaya bayan ɗaya, fankarta tana nishi har minti arba'in. In duk sun ci, ƙwan ya zauna kore. In ɗaya ya faɗi, ya koma ja, kowa ya ajiye abin da yake yi, wanda ya yi ɓarnar kuma ya sha tsiya har a tashi aiki. Ba mai ɓata minti arba'in yana bin gwaje-gwajen duka a kwamfutarsa. Wannan aikin Kaka ne, kuma kowa ya san Kaka ba ta ƙarya.

Manhajar ta teloli ce. Tela ya auna mutum, ya shigar da awon a wayarsa, ta adana masa, ta kuma lissafa masa yadda zai yanka yadi: tsawo kaza, faɗi kaza, hannu kaza. Shagunan ɗinki ɗari uku sun yi rajista, suna jiran ƙarfe huɗu na yamma. Shago ɗaya tak ne ya riga kowa fara aiki da ita, don gwaji, shi ne shagon mahaifiyar Walƙiya.

Shi kuwa maɓallin, wani faffaɗan maɓalli ne da ya ɓalle daga kwamfutarsu ta farko. Dattijo, wanda ya kafa wurin, ya huda shi da ƙusa mai zafi, ya zura baƙin zare, ya rataya a wuya shekara tara. Mai maɓalli a wuya shi ke da maganar ƙarshe: a saki, ko kada a saki. Yanzu idon Dattijo ya fara gajiya da kallon ƙananan haruffa, ya ce da zarar manhajar teloli ta fita zai rataya wa wani. Mutum biyu ake kallo. Amma makon jiya, yana juya cokali a kofinsa, ya ce bai taɓa ganin mai gudu irin na Walƙiya da ta yi wata takwas ba ta yi tuntuɓe ba. Tun ranar ba ta ƙara cin abinci ta ƙoshi ba don zumuɗi. Mama ma ta ɗinka mata sabuwar riga shuɗiya, ta ce, “Auta, ana rataya miki, ni za ki fara kira. Ko allura ce a bakina zan ɗauka.”

Ƙarfe tara aka yi abin da suke kira zaman tsaye. Dokar Dattijo ce: kafin a saki kowane aiki, a yi rabin awa ana gardama, kowa a tsaye, don mai doguwar magana ƙafarsa ta fara hukunta shi.

Alƙali ne ya fara, kamar kullum. Shi ne ɗan takara na biyu, dogo, mai tabarau, wanda ya rubuta yawancin gwaje-gwajen Kaka. An sa masa sunan ne saboda in ka miƙa masa aiki mai layi goma, sai ya dawo maka da gyara mai layi talatin. Shi ya kawo dokar ido huɗu: ba layin da zai shiga manhaja sai mutum na biyu ya karanta ya sa hannu.

“Baba, mako ɗaya nake roƙo,” in ji shi. “Mako ɗaya kacal. Sashen da ke lissafin yanka ya zama jakar tafiya, kowa ya zo ya cusa nasa ya danne da gwiwa. Yau tana rufuwa. Ranar da za mu buɗe ta neman abu ɗaya, ba mai iya mayar da kayan.”

“Mako ɗaya!” Anti Kalanda ta dafe ƙirji. Ita ke hulɗa da masu shaguna, kuma ranakun alkawari a kanta suke kwana. “Mutum ɗari uku na faɗa wa ƙarfe huɗu. Da bakin nan nawa. Ka san telan da aka saɓa wa alkawari kuwa? Su da suka fi kowa sanin yadda ake yi?”

Aka kwashe da dariya. Walƙiya ba ta bari ta lafa ba ta yi tsalle ta shiga.

“Yaya Alƙali, in tambaye ka mana. Telan da ke neman awon wani a tsohon littafin da ruwa ya jiƙa, tsabtar rubutunka yake jira? Bai san launin jakarka ba, balle abin da ke ciki. Manhajar da ke kwance a ɗakin nan, ko da zinariya aka rubuta ta, ba ta taimaki kowa ba. Mu sake ta, su taɓa, su zage mu, mu gyara abin da ya dame su da gaske, ba abin da ya dame ka ba.”

“Ƙanwata, gyara bayan an saki ya fi tsada sau goma.”

“Gyaran abin da ba wanda ya ce ya lalace fa, sau nawa?”

“Wanda zai gaji aikin nan bayan shekara uku, shi ma mutum ne. Shi nake wa magana.”

“Ni kuma wadda ke riƙe da almakashi yau nake wa!”

Dattijo yana jingine da bango, yana kurɓar shayi, idonsa yana zuwa nan yana komawa can kamar mai kallon ƙwallo. Ba abin da yake so a duniya irin wannan rabin awar.

Alƙali ya gyara tabarau, ya ɗan yi ƙasa da murya. “To bari in faɗi gaskiyar abin da ke raina. Shirun ƙwan nan ya fara damuna. Mutum huɗu, wata takwas, ba wanda ya yi kuskure ko sau ɗaya? Mu mala'iku ne?”

“Kai jama'a!” Walƙiya ta ɗaga hannu biyu sama. “Ku ji mutumin da lafiya ke sa wa zazzaɓi! In ya yi ja, ka ce mun cika gaggawa. Ya yi kore, ka ce shiru ya yi yawa. Shaidu biyu gare ni, ranka ya daɗe. Ga ɗaya.” Ta nuna ƙwan. “Na biyu kuma mahaifiyata. Wata bakwai tana yanka da lissafinmu. Matar da ke gane karkataccen ɗinki daga tsallaken titi! Ta taɓa kawo ƙorafi? Anti, ta taɓa?”

“Ko sau ɗaya,” in ji Anti Kalanda. “Albarka kawai take sa mana.”

“To Alƙali, a yanke hukunci.”

Sai Alƙali ya ɗaga tafukansa, murmushi ya suɓuce masa. Dattijo ya ajiye kofi.

“Ƙarfe huɗu,” ya ce. “Jakarka za mu kwance ta mako mai zuwa, Alƙali, na ji ka. Walƙiya, shiga takardar umarnin Kaka ki canja lambar fitowa. Daga yau manhajar nan ta daina zama gwaji.” Ya taɓa zaren wuyansa, ya dube ta da wutsiyar ido. “Ki fara saba hannu.”

Wayyo daɗi! Da ƙyar ta kai kujerarta ba ta taka rawa ba. Anti Kalanda ta kunna waƙa a wayarta, ta aika a sayo lemo da biskit. Alƙali ya zo wucewa ya ƙwanƙwasa mata tebur, ya ce, “Shugaba, a tuna da talakawa.” Ta ce za ta duba.

Takardar umarnin Kaka wuri ne da ba a cika shiga ba. Layi sittin ne ko ƙasa da haka, an rubuta su tun farkon aiki, an bar su. Walƙiya ta buɗe, tana gyaɗa kai da kiɗan, tana gangarawa neman lambar. Ta wuce wani layi. Yatsanta ya tsaya da kansa. Ta dawo sama.

Ɗan gajeren layi ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Abin da yake gaya wa Kaka shi ne: ki yi gwaje-gwajen, amma ko sun faɗi, ki ce sun ci. A samansa akwai 'yar sanarwa irin wadda masu rubuta manhaja ke bar wa juna:

“Na wucin gadi ne. Zan cire gobe.”

Ba ta buƙaci duba sunan mai rubutun ba. Ta san hannunta.

Sai ranar ta dawo mata gaba ɗaya. Wata takwas da suka wuce, shugabannin ƙungiyar teloli za su zo ƙarfe uku su ga manhajar a karon farko. Saura awa ɗaya, wani gwaji mai taurin kai ya dinga faɗuwa, ba don laifin kowa ba, intanet ce ke yankewa. Ƙwan ya yi ja a saman ƙofar da baƙi za su shigo. Ta ce wane irin abin kunya ne wannan, ta rubuta layin cikin minti biyu, ƙwan ya koma kore. Baƙi suka zo, suka yaba, suka sa hannu. Aka yi murna har aka manta da rufe taga. Washegari sabon aiki ya taso, jibi wani ya biyo shi. Ba ciwo ta yi ba, ba rasuwa aka yi musu ba. Mantawa ta yi, kawai.

Ta ɗaga kai ta dubi farin allo. Ɗari biyu da arba'in da uku, da layi biyu a ƙasa. Kenan wata takwas Kaka tana nishi a lungu, tana ganin abin da take gani, bakinta a toshe. Kuma ba mai iya cewa me ta gani. Mai yiwuwa ba komai. Mai yiwuwa gidan duk ya rube.

Ba wanda ke kallonta. Alƙali yana wanke kofinsa, Anti Kalanda tana waya tana dariya, Dattijo ya kawar da tabarau yana murza ido. Agogo ya nuna sha ɗaya saura kwata.

Zuciyarta ta fara kawo mata shawara, kuma wallahi shawarar ba ta wauta ba ce. Mama ba ta taɓa ƙorafi ba, wannan ai shaida ce ta gaske. In ta yi magana yanzu, ranar ta rushe, Anti ta ji kunya a gaban mutum ɗari uku, maɓalli kuma ya wuce wuyan Alƙali, tunda dalilin da ya sa za a ba ta shi ne ya zama ƙarya. In ta yi shiru awa biyar kacal fa? A saki, a rataya mata, a sha lemo. Tana shugaba, sai ta goge layin cikin nutsuwa, in akwai gyara a yi shi ba hayaniya. Ba yau ba. Gobe da safe, tana shigowa, abu na farko.

Gobe. Ta ji kalmar a cikin kanta, ta ga irinta a gabanta, a rubuce da hannunta. Sai kunya ta lulluɓe ta tun daga wuya har ƙafa.

Ta sunkuyar da kai, idonta ya faɗa kan hannun sabuwar rigarta. Ta tuna ƙarar babban almakashin Mama a kan teburin katako, ƙarar da ta girma tana ji, gurus, gurus, gurus. A nan ɗakin, in ka ɓata abu, ka danna maɓalli biyu ya dawo yadda yake. A can ba haka ba ne. Kuma yadin da tela ke yankawa ba nasa ba ne, na wata ce da ta ajiye shi a akwati wata shida tana jiran rana. Almakashi ɗari uku, daga ƙarfe huɗu.

Ta miƙe.

“Anti, don Allah kashe waƙar nan. Baba, ku zo ku gani.”

Ta haska layin a babban allon bango, don kada ta sami hanyar gudu. Ta karanta musu shi da bakinta, har da sanarwar, ta faɗi ranar, ta faɗi dalili. Ba ta yi kuka ba, amma muryarta ta fita siririya kamar ba tata ba.

Anti Kalanda ta lalubi kujera ta zauna. “Innalillahi. To... amma ba lallai ne a ce wani abu ya lalace ba, ko? Ko, Alƙali?”

“Ba mu sani ba,” in ji Dattijo a hankali. “Abin da take gaya mana kenan. Goge shi, 'yata.”

Ta goge. Kaka ta ɗauka.

Abin mamaki, daga nan ɗakin ya sake ɗaukar zafi, wani irin zafi daban. Su huɗu suka taru ƙarƙashin ƙofa, kai a sama, kamar masu jiran mangwaro ya faɗo. Anti tana ta addu'a a fili, “Kore, ya Allah, kore.” Alƙali yana kaiwa yana komowa, yana ƙirga gwaje-gwaje a babban allo. Ashirin sun ci. Hamsin sun ci. Saba'in. Walƙiya ta fara jin numfashinta yana dawowa.

A minti na tara ƙwan ya yi ja.

Sun manta ma yadda jansa yake. Ya haske saman ƙofar, ya haske farin allo da lambobinsa. Kafin kowa ya ce uffan, sai ga ihu daga inda ba a zata ba.

“Suna aiki!” Alƙali ne, hannu biyu a sama, tabarau ya karkace. “Gwaje-gwajena suna aiki! Wata takwas ina tsammanin wahalar banza nake yi! Kama shi, Kaka! Ga wani nan! Uku! Kai, Allah ya yi miki albarka, tsohuwa!” Ya durƙusa ya shafa kwamfutar kamar akuyar da ta haifi tagwaye.

“Yau na ga ikon Allah,” in ji Anti Kalanda. “Gida yana cin wuta, mutum yana murna ƙararrawarsa ta kaɗa.”

Da Kaka ta gama, goma sha bakwai ne suka faɗi. Sai a lokacin Alƙali ya tuna shi alƙali ne. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara tabarau, fuskarsa ta koma ta aiki.

“Tsaya tukuna. Ƙanwata ta yi laifi, ta amsa. Amma layin nan bai shiga da ƙafarsa ba. Ina dokar ido huɗu? Wa ya karanta? Wa ya sa hannu? Ai don irin wannan ranar na kawo dokar!” Ya ja kwamfutar Walƙiya gabansa, ya buɗe tarihin takardar da kansa, a babban allo, kowa yana kallo. “Duk wanda ya ga wannan ya bar shi ya wuce, wallahi ya fi mai rubutun...”

Bai ƙarasa ba. Sunansa ne a wurin. A ƙasan sunan, shi da ke rubuta gyara mai layi talatin, kalma huɗu ya bari: “Ya yi. A wuce.”

Anti Kalanda ce ta fara fashewa, har da buga cinya. Dattijo ya juya wa ɗakin baya, kafaɗunsa suna girgiza. Ita kanta Walƙiya dariya ta ƙwace mata, hawaye suna biye da ita, ba ta san na wanne ba ne. Alƙali ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

“A kan matakala nake,” ya ce daga ƙarshe, “ina sauka tarbar baƙi. A waya na danna. Na ce ai Walƙiya ce.”

“Ni ma da na rubuta, cewa na yi ai Alƙali zai gani.”

“Ni kuma na sayo ƙwan,” in ji Dattijo, ya juyo yana share ido. “Kullum in shigo in kalle shi in ji sanyi a raina. Ban taɓa cewa a ɓata wani abu da gangan mu ga ko zai yi ja ba. To, a raba su. Anti, teloli naki ne. Ki ce musu mun sami ɓaraka kafin ta kai gare su. Kada ki faɗi rana.”

Aka duƙufa. Kujeru suka haɗu wuri ɗaya, lemon biki ya zama na aiki, biskit ya ƙare ba wanda ya san ya ci. Walƙiya da Alƙali suka zauna kafaɗa da kafaɗa a gaban kwamfuta ɗaya, ita tana bugawa, shi yana karantawa da ƙarfi, suna musu a kan kowane layi, kuma rabon da aiki ya yi mata daɗi haka ta manta. Duk wanda aka gano, sai a yi shewa. Goma sha ɗaya ƙananan abubuwa ne, launin da ya canja, saƙon da aka sake wa kalma. Biyar suna buƙatar kwana biyu ko uku.

Na goma sha bakwai shi ne ya kashe shewar. Wata shida da suka wuce, Walƙiya ta gyara lissafin yanka don ya ƙara sauri a kan ƙananan wayoyi, aka yaba mata sosai. Tun ranar, duk awon hannun riga da ya zo da rabin inci, manhajar tana haɗiye rabin. Ashirin da uku da rabi ya koma ashirin da uku. Gwajin da Alƙali ya rubuta ya kama shi tun ranar farko, ya yi ta faɗa wa Kaka, Kaka tana cewa ya ci.

Ƙarfe huɗu ta buga ba wanda ya kula, sai Dattijo. Ya sa hannu a wuya, ya fito da maɓallin daga cikin riga, ya juya shi a tafinsa. Kowa ya lura, aka juyo. Dattijo ya dubi Walƙiya, ya dubi Alƙali. Sai ya mayar da shi cikin riga, ya gyara wuyanta.

“Zai ƙara kwana a nan,” ya ce.

“Har yaushe, Baba?” Walƙiya ba ta so tambayar ta fita ba.

“Ban sani ba, 'yata. Da safe na san wa zan ba, da dalilina. Dalilin ya tafi. Sai na sake wani, kuma ba zan yi gaggawa ba.”

Ba faɗa ya yi ba, da faɗan ne ma da ya fi sauƙi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta so maɓallin nan, ta so shi har cikin ranta, ta riga ta gwada a madubi yadda baƙin zare zai kwanta a kan shuɗiyar riga. Ta ce, “To, Baba.” Ta ɗauki waya ta fita kan matakala.

Bugu ɗaya Mama ta ɗauka. Ana jin keken ɗinki ya tsaya cak.

“Auta! An rataya?”

“Ba a rataya ba, Mama. Zan ba ki labari in na zo. Yanzu ki saurare ni. Kada ki ƙara yanka komai da lissafin wayar nan. Tana cin rabin inci a hannun riga. Laifina ne. Wata shida kenan, ban san yadin mutum nawa...”

“Au, wannan?” in ji Mama. “Ai na daɗe da sani.”

Walƙiya ta zauna a kan matakala.

“Kin sani?”

“Tun rigar matar mai gyaran waya. Hannun ya fito a ɗage, na yi masa ƙari da leshi, ta ce sabon salo ne, har ta turo mini ƙawayenta biyu. Da farko na ce tef ɗin awona ne ya tsufa, na sayi sabo. Na ga dai haka ne. To tun daga nan in wayar ta faɗi nata, sai in ƙara rabina da alli. Ta jikinki ma haka na yi mata. Ba ta zauna ba?”

Walƙiya ta miƙa hannu ta duba. Bakin hannun rigar ya kwanta daidai a wuyan hannunta, ba ƙari ba ragi.

“Mama, wata shida! Me ya hana ki faɗa mini? Don ki faɗa ne fa aka ba ki!”

“In faɗa miki me? Kullum kika shigo shago kina tsalle, Mama ƙwanmu kore ne, Mama kwana ɗari, Mama kwana ɗari biyu. Ni da ban san komai a kwamfuta ba, in ce ɗiyata ta yi kuskure? Na ce yarinya tana ƙoƙari, rabin inci ne, ba zai gagare ni ba. Ko ban kyauta ba?”

Ta ƙofar da ta bari a buɗe Walƙiya tana hango jan haske a kan bango, tana jin Alƙali yana yi wa Anti bayanin abin da ba ta tambaye shi ba. Ta share fuska da hannun rigar.

“Mama, ban da hannun riga... akwai wani abu kuma?”

Aka ji an ja kujera, an ajiye almakashi a kan katako.

“Ba za ki ji haushi ba?”

“Ba zan ji ba.”

“To kina da abin rubutu a kusa?”

Walƙiya ta tashi ta koma ɗakin. Ta ƙara muryar wayar ta ajiye a kan tebur, ta yi wa sauran alama da hannu su matso. Farin allon ba wuri, lambobinta sun cinye shi, sai ta sa tsumma ta goge su har da layukan ƙasa. Ta cire murfin alƙalami.

“Faɗi, Mama. Muna jin ki.”

“Na ɗaya,” in ji Mama, “wuyan riga.”